Ɗauko Baba na Sabuwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kankara, ni da wani abokina, kowa a kan mashin ɗinsa. A gida na ce zan je gwada sabon babur a doguwar hanya, kuma ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne Sabuwa na nufa, in ɗauko yayan mahaifina, wanda muke kira Baba na Sabuwa. Idanun mahaifina sun daina gani, tafiya ta gagare shi, kuma ba ya yini bai ambaci yayan nan nasa ba. Na yi shiru ne don bara na cika baki na ce zan kawo shi, na dawo ni kaɗai.

Bari in gaya muku abin da ya faru bara. Baba ba ya shiga mota, jiri take sa shi. Baburan zamani masu ɗagaggen baya kuma ya ce ba zai hau abin da zai manna shi da bayan ɗan cikinsa kamar goyo ba. Sai na samo irin sababbin nan da ake ƙerawa da siffar na da: fitila zagayayya, tanki mai sheƙi, sirdi dogo a shimfiɗe, kamar wanda ya hau a ƙuruciyarsa. Ya gani ya yaba, ya hau. Amma injin ƙarami ne, mai lamba ɗari da hamsin, Baba kuwa Allah ya yi masa jiki. Hawan farko bayan gari mashin ya fara nishi, Baba ya ce in tsaya, ya sauka ya koma gida da ƙafa. Wai shi ba ya hawa abin da ke kuka.

Bana masu ƙera shi suka fito da wani, siffa ɗaya, amma sun faɗaɗa cikin injin zuwa ɗari biyu da hamsin. Na sayar da wancan na cika na karɓi wannan. Ya fi nauyi, ya fi shan mai, muryarsa kuma ta yi kauri. Abokina, mai hawa roba-roba, tun daga Kankara yake tsokanata wai na sayi tsoho mai cin abincin samari.

Hanyar Sheme da safe akwai daɗin bi. Kaka ce, masara a tare a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, amalanken shanu na ta fitowa daga ƙauyuka. Inda kwalta ta fashe mukan rage gudu mu bi gefe. A shingayen jami'an tsaro muka tsaya aka duba takardu, wani ma ya zagaya mashin ɗin ya tambaye ni ko na kakana ne na wanke. Kun san halin yankinmu, ba a wasa da lokaci a hanya, shi ya sa ba mu zauna hira ba.

A Faskari muka karya, duwatsun garin na kallonmu. Ƙosai mai zafi da kunun tsamiya, kuma mai ƙosan ba ta da rowar yaji. Man bakin hanya ya fi na Kankara tsada, na saya ina ƙunƙuni. Kafin mu tashi makanikai sun kewaye babur ɗin suna gardama: wasu na cewa tsoho ne aka fafe masa silinda aka sa babban fistin, wasu na cewa sam. Da na ce haka ya fito daga kwali, kuma an ce na baɗi zai fi shi girman inji, sai wani dattijo ya ce to su ƙara wa hanyar faɗi tukuna.

Daga Dandume zuwa Sabuwa rake ne ko'ina. Abokina ya sayi ɗauri guda ya ɗaure a baya, ya riƙa tafiya kamar mai jela. Ni kuwa tunanina na kan Baba, don in ya sake ƙi, ban san wace dabara ta rage mini ba.

Mun same shi a zaure. Bayan gaisuwa da tuwon masara miyar kuka, ya fito ya tsaya kan mashin ɗin, ya ɗora tafin hannu a tanki ya ce in tayar. Ya saurara ya daɗe.

"Wanga ba na bara ba ne," in ji shi.

Na ce, "Ƙanensa ne, Baba. Jiki ɗaya, amma ya fi shi ƙirji."

"To, mu gani gobe. In ya yi kuka, ka san hanyar gida."

Da hantsi washegari ya hau, da babbar riga da sanda a kan cinya. Muka tunkari hawan nan na bara. Na sauke giya ɗaya, mashin ya haye kamar ba ya ɗauke da kowa. Sai na ji Baba ya gyara zama. Wallahi daɗin da na ji a wurin ya biya ni duk man da na sha.

Sai kuma halinsa ya motsa. Mutanen zamaninsu ba sa barin inji na aiki a gangara, kashewa suke su sulale don tattalin mai. Duk gangaren da muka zo sai ya dafa kafaɗata ya ce in kashe. Na riƙa ba shi haƙuri, don wannan ya yi nauyin da ba zan yi wasa da shi a kan titi ba. Ya ce yaran yanzu ba su san zafin nema ba. Haka muka sha faɗa har Kankara, abokina na binmu a baya yana dariya.

Da muka karyo kwanar layinmu, daidai tsohuwar tsamiya, ya matse kafaɗata da ƙarfi.

"Nan kam sai ka kashe. Ban taɓa shiga layin ga da inji shina ƙara ba."

Layin a miƙe yake, ba kowa, sai na murɗa makulli. Muka sulalo shiru, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa. Mahaifina na zaune a tabarma ƙofar gida. Kullum yana jin shigowata da mashin ɗin nan, bai taɓa ko ɗaga kai ba. Ranar nan tun kafin mu iso na ga yana laluben bango yana miƙewa.

"Wa ya kashe mashin a tsamiya?" ya ce. "Yaya? Yaya, kai ne?"

Baba ya sauka, sandarsa ta faɗi bai waiwaye ta ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne. Masu ƙera irin waɗannan babura sun yi daidai da suka ƙara inji suka bar siffar yadda take, don ba domin ƙarin nan ba da Baba na nan Sabuwa. Na baɗi kuwa, ko ya ninka wannan, ba na bukata. Nawa ya ɗauko abin da na je ɗaukowa. Baba ya ce sati zai yi, ga shi har yau suna zaune a tabarma ɗaya, ni kuma duk dawowata a tsamiya nake kashe mashin.