Gurbin Sunan Ɗan Fari

Yahanasu ta Wurma ta haihu tara, ta binne miji, ta aurar da jikoki, amma ba wanda ya taɓa jin sunan ɗanta na fari a bakinta. Haka ta taras iyaye na yi, haka ta riƙe. In za ta ba da labarinsa sai ta ce "wancan na Karofi", don can yake haya da babur.

Da yana ta fara rufe mata ido har ta daina gane tsakuwa cikin wake, sai aka ce likitocin ido sun sauka Dutsin-Ma suna aiki kyauta, amma sai an cike fom, kuma ran nan za a rufe karɓa. Maƙwabta suka sa ta a mota.

A bakin asibiti ta sami Malam Badamasi, mai cike wa mutane takardu, da teburinsa a gindin bishiyar bedi.

"Malam, wai mene ne fom ɗin nan?"

"Kalmar Turawa ce, Inna. Su ma a wajen Rumawan da suka aro ta. Asalinta siffar abu, kamar akwatin da ake buga bulo a ciki. Takarda ce mai gurabe, kowa sai ya shiga yadda aka yanka ta."

Ta faɗi sunanta da garinta. Shekaru suka sasanta a kan saba'in. Sai aka zo gurbin wanda za a nema in wani abu ya taso.

"Wa ke kula da ke?"

"Babban."

"Sunansa?"

Malam Badamasi ya ɗago kai ya dube ta.

"Inna, in gurbin nan ya tafi fili, dawo da takardar za su yi."

Wani a layi ya ce, "Faɗi a hankali, Inna, ba za mu gaya masa ba." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta fara laluben takalmanta, tana tunanin motar Kurfi da za ta mai da ta gida.

Malam Badamasi ya aje biro. "Zauna. Ni ma ɗan fari ne. Zan yi ta kira, wanda ba shi ba ki ce a'a. Lawal?"

"A'a."

"Maniru?"

"A'a."

"Saifullahi?"

"Wannan ƙanensa ne."

"To, Allah ya sa kada la'asar ta same mu. Sirajuddeen?"

Yahanasu ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Malam Badamasi bai sake tambaya ba, ya rubuta.

Aka karɓi fom, aka ba ta kati ta dawo da safe. Da ta fito ta zauna a gindin bedin ta sauke ajiyar zuciya. Can ta matsa kusa da tebur.

"Malam, ka dai rubuta shi cikakke ko? Sunan mahaifina ne."