Sale ya tafi da shaidata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau Talata da safe ɗan Sale ya kira ni a waya. "Ammi Habu, Baba ya rasu." Ammi, wato baffa; da Larabci ya faɗa, don Hausarsa ba ta kai nan ba.

Alhaji Sale ya rasu. Tun ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin nake riƙe da shi a zuciya, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu.

Da yawanku a unguwarmu Nakkasa, nan Makka, kun san ni da Malam Kisra. Sunan tsokana ne, na sani. Ga asalinsa.

Tare muka baro Kano a kan kekuna, muna samari. Ni na gama midil, na yi karatun zaure, ina ganin duniya tawa ce. Muka ratsa Chadi da Sudan, muka haye teku, muka yi hajji. Sai na ce masa tun muna yara ake karanta mana a maulidi cewa fadar Kisra, sarkin Farisa, ta tsage daren da aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina so in ga tsagin da idona.

Ya ce, "Habu, kanka ɗaya kuwa?" Washegari na tarar yana yi wa tayata faci.

Muka bi ayarin alhazan Iraƙi. Inda yashi ya fi ƙarfinmu, a ɗora mu da kekunan a bayan babbar mota. Kwana da kwanaki, har bayan Bagadaza.

Muka gan ta. Gini guda na tubali mai lanƙwasa kamar baka, tsayinsa sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi. Gefe ɗaya na ginin ya zube, ba ƙofa, ba mai gadi, sai awaki da kashin tsuntsaye. Na tsaya ina kuka. Sale ya jingina kekensa da bangon, ya ce, "To, ga gidan sarki. Ko tabarma ba a bar mana ba."

A nan zazzaɓi ya kayar da ni. Shi ya riƙa sauka kogi yana jiƙo rawaninsa yana ɗora mini a goshi. Ban manta ba.

Da muka dawo Makka, Sale ya samu dattawan da suka tsaya masa a kan cewa a nan aka haife shi, ya samu jinsiyya, wato takardar ɗan ƙasa. Ni na ce ba zan canza wurin da aka binne cibiyata ba. Shi ya zama ɗan ƙasa mai shaguna a unguwar Aziziyya. Ni na tsufa ina dakon kayan alhazai a Mina.

Wanda takarda ta ce a Makka aka haife shi kuwa bai isa ya ce ya taɓa hawo keke daga Kano ba.

Wata rana a wurin walima ina ba da labarin, aka yi ta dariya. Na juya na ce, "Sale, faɗa musu." Ya dubi kofin shayinsa ya ce, "Ya shehu, ni ko hawa keke ban iya ba."

Daga ranar na zama Malam Kisra, tsohon da ke mafarki ido biyu.

Gaskiya ɗaya ce, bai yar da ni ba. Duk azumi buhun shinkafa na zuwa ba tare da suna ba. Da aka rushe layinmu, shi ya nema mini ɗakin da nake ciki. Na karɓa, na ci, ban taɓa cewa na gode ba. Ba shinkafa nake nema a wurinsa ba.

Ranar Asabar da ta wuce na je duba shi a asibiti. Ya kori 'ya'yansa waje, ya kama hannuna, ya koma Hausar Kano tsantsa.

"Habu, tsuntsayen nan na cikin bakan, har yanzu ina jin kukansu."

Na ce, "Yanzu ka tuna? Kira su ka faɗa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Bari a sallame ni. Ranar Juma'a in an taru cin abinci zan faɗa. Me kuma hukuma za ta ƙwace mini?"

Bai kai Juma'a ba.

Za a yi masa salla a Harami bayan la'asar. Zan je, ko da tura ni za a yi.

Allah ya jiƙan Sale, ya yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa, ya sanyaya kabarinsa yadda ya sanyaya goshina. Duk wanda ya karanta, ko kana cikin masu yi mini dariya, ka yi masa addu'a.

Mu biyu muka tsaya a ƙarƙashin bakan nan. Yau saura ni kaɗai, kuma ba ni da mai cewa haka ne.