Littafin da Malam Ya Ce Yana Karantawa

Shekarun baya, ina cikin sababbin malaman makaranta a Wurno, muka haɗa wani guruf a waya na masu son karatu. Ba mu da yawa. Malamai ne, da ma'aikatan asibiti, da wasu 'yan kasuwar albasa da littafi ba ya barin aljihunsu. Dokarmu guda ce: duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa zai ɗauki hoton littafin da ke hannunsa, yatsansa a kan layin da ya tsaya, ya faɗi abin da ya yi masa daɗi a ciki. Wanda aka ga alamar cika baki yake yi, sai a ce ya karanto mana shafin da murya. Ni aka fi kamawa, don ina da halin ɗora hoton littafi mai kauri alhali ko gabatarwa ban wuce ba.

Babba a cikinmu shi ne malamina na firamare, wanda ya yi ritaya ya koma gidansa a Goronyo. Shi ya koya mini haɗa baƙi, kuma har na zama malami ban daina gyara zama ba in na ji muryarsa. Juma'a ba ta taɓa wuce shi ba. Littattafansa duk ya yi musu riga da takardar buhun siminti, duk kamarsu ɗaya, sai ka buɗe za ka san wanne ne wanne. Hotonsa kullum iri ɗaya ne, siririn yatsa mai zoben azurfa a kan layi, sai doguwar murya ta biyo baya yana ba mu labari har da dariyarsa.

A daminar wata shekara, lokacin da hanyoyinmu suka yi tsanani saboda masu ɗaukar mutane, sai Malam ya daina turo hoto. Rubutu da murya kawai yake turowa. Daga baya muryar ma ta ɗauke. Muka yi ta tsokanarsa cewa tsufa ya sa shi rowar murya, ya amsa da rubutu cewa mura ce. Ba wanda ya kawo komai a ransa, har da ni.

Sai wata Juma'a saƙonsa ya shigo. Ya ce wannan makon ya koma wa tsohon labarin nan na masuncin da ruwa ya raba da garinsu, yana daidai inda jirgin ya kife, kuma ga littafin nan a cinyarsa yana jin daɗinsa kamar yau ya fara.

Na karanta saƙon, na dubi cinyata. Littafin da yake faɗa yana nan a kanta, da rigarsa ta siminti da zaren da Malam ya ɗinke bayansa da shi. Da hannunsa ya ba ni aro tun ƙaramar salla, yana ja mini kunne cewa shi ke nan guda ɗaya, an daina buga shi tun ban san kaina ba, ko a Sakkwato ba zan samu ba. Malam ba ya ƙarya, kuma ba ya manta inda littafinsa yake. To wa ya rubuta wannan saƙon?

Na kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira matarsa, wadda muke ce wa Inna. Ta ɗauka da wata murya da ban san ta da ita ba, ta ce lafiya lau yake, ya ɗan fita ne. Kafin in ce ya fita ina, ta ce tana da tukunya a wuta, ta kashe. Washegari na sake kira da hantsi, ta ce yana barci. Mutumin da tun muna yara yake cewa barcin hantsi na marasa aikin yi ne.

Wanda bai zauna yankinmu a lokacin ba zai ce na cika zargi. Amma a wancan lokacin, in aka ɗauke mutum, iyalinsa ba sa faɗa. Suna tsoron in magana ta bazu abin ya ƙara tsanani a kan wanda ke hannu, don haka ko ɗan'uwa ya kira sai a ce masa ya ɗan fita, ko yana barci. Wayar mutum kuma tana hannun waɗanda suka tafi da shi, suna iya duba tsofaffin saƙonninsa su yi ta amsawa da sunansa. Duk abin da Inna ta faɗa mini, na taɓa jin irinsa daga bakin wasu, kuma na san yadda ya ƙare.

Na kira abokina, ma'aikacin asibiti a Rabah, Kirista ne daga wata jihar Arewa, kuma shi ne ya fi kowa karatu a guruf in ka cire Malam. Ya saurare ni har na gama, bai ce mini ina da tsoro ba kamar yadda ya saba. Ya ce hanya ɗaya ce, mu nemi muryarsa. Sai na yi abin da ba wanda ya taɓa yi tun da aka buɗe guruf ɗin. Na rubuta a gaban kowa cewa muna roƙon Malam ya karanto mana shafin kifewar jirgin da murya, kamar yadda doka ta ce. Wasu suka yi dariya, suka ce yau ɗalibi ya kama malaminsa. Alama ta nuna an buɗe saƙon a wayar Malam. Amsa ba ta zo ba, har rana ta faɗi.

Mahaifiyata ta ce kada in je. Ta ce in abin da nake tsoro ne ya faru, zuwana ba zai sako shi ba, in kuma ba shi ba ne, na sa kaina a hanya a banza. Gaskiya ta faɗa, kuma ni ba jarumi ba ne, ko kare ya yi haushi a unguwa sai na canza lungu. Amma da safe na sa littafin a jaka, na hau kabu-kabu zuwa Marnona, na shiga motar Goronyo.

Ba wanda ya yi hira a motar nan. Direbobin hanyar suna da wata dabara a lokacin: motocin da ke tahowa daga gaba su ne labarinsu. Muddin ana wucewa, hanya lafiya. In aka ɗauki lokaci ba a ga ko ɗaya ba, to akwai abin da ya tsare su. Mun yi nisa sai titi ya zama namu mu kaɗai. Direba ya rage gudu, ya kashe rediyo, can ya gangara gefe ya tsaya bai kashe mota ba. Gero ya yi tsawo a dama da hagu, ba ka ganin komai a cikinsa. Wata tsohuwa a bayana tana ta jan salati a hankali. Ni kuwa na rungume jakar nan, ina tunanin in aka fito mana, abin da za a samu a jikina littafin masunci ne. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Daga baya wata babbar mota ta ɓullo, direbanta ya ɗaga mana hannu, namu ya sauke ajiyar zuciya ya hau titi.

Da na isa ƙofar gidan Malam, abin da na fara dubawa shi ne ko akwai tabarmi da mutane zaune jugum. Babu kowa. Na yi sallama na shiga. Inna tana tsakar gida tana tsintar wake, da ta gan ni sai ta saki tiren.

"Ɗana, mi ya kawo ka babu sanarwa?"

Ni kuwa na riga na hango Malam. Yana zaune a kan tabarma a gindin dogon yaro, ya jingina da bango, littafi buɗe a cinyarsa. Na durƙusa tun daga nesa. Farin ciki ne ya fara zuwa, sai haushi ya biyo shi, don na ga mutum lafiyarsa ƙalau ya sa na kusa mutuwa a hanya.

Na gaishe shi. Ya gane muryata nan take, ya amsa da fara'a, amma fuskarsa ba ni take kallo ba, tana kallon ɗan gefena ne. Ya ɗaga littafin ya ce, "Ka gan ni nan, ni da masuncinga muna ta hwama."

Na matso na duba shafin da yatsansa yake kai. Lambobi ne a jere, tarawa da ɗebewa. Littafin lissafi ne na 'yan firamare, mai rigar siminti, kaurinsa ɗaya da wanda ke jakata. Na ɗaga kai na dubi idanunsa da kyau, na ga farin da ya rufe ƙwayar. Na waiwaya wajen Inna, ta girgiza mini kai tana roƙona da ido.

Na so in yi shiru, wallahi na so. In ce masa madalla, in sha ruwa in koma. Amma na san in na tafi haka, Juma'a mai zuwa ma haka za a yi, idon kuma yana ƙara rufewa. Na buɗe jaka na ɗora littafin a kan hannunsa. Ya shafa bangon, ya shafa bayan, yatsansa ya tsaya a kan zaren da ya ɗinka da kansa.

"To wanga da ni ka riƙo hwa, mi na ne?"

Na ce, "Lissafi ne, Malam."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya rufe shi ya ajiye a gefe. Sannan ya gaya mini komai. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani tun kafin ruwa ya sauka. Cikin littattafan da na taɓa mayar masa ta hannun direba ya shafa ya ji mai wannan kaurin, ya ɗauka masuncin ne ya dawo. Labarin yana kansa tun da daɗewa, don haka yakan buɗe ya riƙa juya shafi yana bin sa da ka, ran Juma'a ya faɗa wa Inna abin da za ta rubuta. Asibiti kuwa ya ƙi, saboda yayansa wani mai maganin gargajiya ya taɓa yi wa aikin yana, ɗan ganin da ya rage masa ma ya tafi. Ya ce abin da ba ya so shi ne yaran da ya koya wa karatu su koma yi masa sannu.

Inna ta ce ranar da ta karanta masa saƙona na neman ya karanto da murya, ko tuwo bai ci ba. Wannan maganar ta soke ni. Na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da muka zata, da zaman da muka yi a gefen titi. Sai ya ce in buɗe inda jirgin ya kife.

Na karanta masa har azahar ta wuce. Leɓɓansa suna motsi suna riga ni, da na tsallake layi sai ya buga mini gwiwa ya ce in koma. Da zan tafi, don ba a kai la'asar a hanyar, na roƙe shi ya bar ni in gaya wa abokina na asibiti. Ya ce a'a. Na sake roƙo, ya ce in bari sai Juma'a. Na bar masa littafinsa na taho, ban san abin da zai yi ba.

Ran Juma'a bayan masallaci kowa ya turo hotonsa, ni ko littafi ban iya buɗewa ba. Can sai ga murya daga wayar Malam, gajeriya.

"Salamu alaikum. Wanga mako ban karanta komi ba. Idanuna sun yi yana, na daɗe ina ɓoye muku, ku yahe mani. An dai karanta mani, amma mai karatun shina da gaggawa, shina cin layi."

Ba wanda ya yi masa sannu, kamar an haɗa baki. Wani ɗan kasuwar albasa ne ya fara, ya ce shi ba ya cin layi, ya karanto shafi guda da murya, saura suka bi. Abokina kuwa bai bar shi ya huta ba sai da ya kai shi Sakkwato da kansa aka yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an makara.

Yanzu in na ga ana tambaya a guruf me kowa yake karantawa, ina jin daɗi, ina kuma duba wanda ya saba magana ya yi shiru. Irin wannan ba na tambayarsa a gaban jama'a, kiransa nake yi ni da shi. Tsoron hanyar Goronyo ya daɗe da barina, amma akwai abin da bai bar ni ba. Daga baya na tambayi Inna, ita da take gani sarai lissafi ne a hannunsa duk tsawon kwanakin nan, me ya hana ta faɗa masa. Ta ci gaba da tsintar wakenta ta ce, "Shi kaɗai ya rage mishi da shi ka jin daɗi. In ce mishi mi?"