Akwatunan da Malam Ila Ya Kai Jami'a

Wata rana wani ɗan kasuwa, Alhaji Sadisu, ya faɗa ɗakin adana takardun tarihi na wata jami'a, ko sallamar kirki bai yi ba.

Tun daga gida ransa a ɓace yake.

Ga yadda abin ya faro.

Mahaifinsa, marigayi Malam Ila, malamin firamare ne a ƙasar Kazaure. Duk hutun makaranta sai ya hau kekensa, ya rataya rikoda, ya bi ƙauyuka yana tambayar tsofaffi: Wa ya haifi wa? Daga ina muka taso? Wa ya tafi bai dawo ba?

Ya cika littattafai. Ya tara kaset-kaset. Akwatunan ƙarfe, wani kan wani.

'Ya'yansa fa? Da ya ɗauko zancen, wannan zai tuna an aike shi, wancan cikinsa ya murɗa.

Da Sadisu ya yi kuɗi ya zo gyaran gida, shi da bakinsa ya ce a fitar da tarkacen nan za a sa tayil. Aka jibge su a rumfar awaki. Damina ta sauka a kansu, gara ta samu na kalaci.

Malam bai yi faɗa ba. Ya tsince abin da ya tsira, ya shanya a rana, ya yi shatar mota ya kai jami'a.

Babu wanda ya tambaye shi ina ya kai su. Murna ma aka yi, an samu fili.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, sai ga baƙo daga Kumasi. Wani dattijo, Baba Alasan, yana dogara sanda. Ya ce mahaifinsa Tanimu daga gidan nan ya fita fataucin goro bai sake komowa ba, kuma ya bar masa wasiyya ya nemo danginsa. Ya ce ƙarfinsa ya ƙare, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe.

Aka yi cirko-cirko.

Tanimu? Wane Tanimu?

Ƙanin Sadisu ya ce ɗan damfara ne, a sallame shi. Yayarsu ta ce kamar ta taɓa jin babansu yana irin wannan zance, amma lokacin tana kallon fim.

Gida cike da masu digiri, babu mai iya faɗin sunan kakan ubansa!

Tsoho yana zaune a zaure, an rasa ko a rungume shi ko a kore shi. Sai mahaifiyarsu ta ce cikin takaici, "Ku je jami'a. Can ubanku ya kai abin da kuka ƙi ji."

Shi ne Sadisu ya taho da motarsa, a nufinsa ya loda akwatunan ya juya.

Ya tarar da jami'ar da ke kula da wurin, Hajiya Turai.

"Kayan ubana na zo kwashewa."

"Malam Ila amana ya ba mu, ya sa hannu. A nan ake karantawa, ba a fita da su."

"Ikon Allah! Ni ɗansa, sai na nemi izini kafin in taɓa rubutun ubana?"

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Alhaji, da suke hannunka, a ina ka ajiye su?"





Haka ya miƙa katin shaida. Aka karɓe jakarsa, aka karɓe bironsa, aka ba shi fensir kamar ɗan aji ɗaya. Aka ce ya wanke hannu. Yana yi yana tsaki.

Takardun da ya bar wa awaki, ga su kowace a cikin rigarta, ɗaki mai sanyi, an liƙe inda ya yage.

Ya samu shafin zuriyarsu da rubutun Malam, irin na allon makaranta, tsaf. Ga sunan Tanimu, ƙanin kakansa. Daga nan zuwa ƙasa babu komai. Gara ta gama da shi.

Amma Hajiya Turai ta ce an kwashe muryoyin kaset ɗin an sa a kwamfuta.

Washegari ya dawo da Baba Alasan. Aka sa wa tsoho abin sauraro a kunne. Sai ga muryar Goggo Indo, yayar Tanimu, wadda ta daɗe da rasuwa:

"Tanimu ƙanena ne, mai tabon ƙuna a hannun hagu. Faɗa muka yi ranar da zai tafi. Duk ayarin da ya dawo sai na tare na tambaya. Ila, in ka ji labarinsa, ka ce masa ban riƙe shi ba."

Tsoho ya saki sandarsa. Ya dafa hannunsa na hagu yana kuka, yana cewa, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Sadisu ya juya ya fuskanci bango.

Da yamma ya rubuta a zauren WhatsApp na gidansu, ya faɗi duk abin da ya gani. Ya ce ranar Asabar kowa ya fito, a je a saurari sauran tare, a kawo yara.

Nan da nan amsoshi suka zubo. Masu hawaye, masu tafi, masu "Allah ya jiƙan Baba."

Asabar ta zo.

Shi da Baba Alasan kaɗai suka je.

Darasi: Tsohon da ke damun ka da labarin da, ba surutu yake ba, gado yake miƙo maka. In ka ƙi karɓa a tabarmar gidanku, wata rana sai ka bi layi da katin shaida kafin a bar ka ka leƙa. Shi ma sai in an yi sa'a wasu sun adana.

In akwai sauran tsoho a gidanku, ajiye wayar nan ka je ka zauna kusa da shi. Amma kafin ka ajiye, tura wa 'yan uwanka, musamman masu "Allah ya jiƙan Baba" daga kwance.