Gwaggo Asibi Da Saiwar Tafashiya

Ina shanya wanki a gidanmu na Dapaong ranar Talata, ƙanena ya bugo waya daga Sokodé ya ce Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifinmu, ta rasu bayan sallar azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka, amma tun ranar duk abin da na tuna nata sai na sami kaina ina murmushi.

Tun ina yarinya take sayar da saiwoyi da sassaƙe a kasuwar Sokodé. Ba ta taɓa ba mutum magani ba tare da ta tambaye shi abin da ya ci ba. Takan ce, "Ni dai na san icen, warkarwa ta Allah ce."

Ita ta tura ni lakwal, wato makarantar boko ta manya, bayan na haifi 'ya'ya huɗu. Ta ce, "Ke da tsoron tsiya. Biro cizo yake yi?"

'Yata Rukayya tana jami'a. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta gwada sinadaran tsirrai ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda zai iya toshe abin da ke kawo kumburi a jiki. Ta zaɓi tafashiya saboda Gwaggo. Wata huɗu ba ta sami komai ba. Ta rame, ta ce za ta bar karatun. Ni ma abinci ya daina shiga mini.

Na hau mota na tafi Sokodé na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Wane ɓangaren ta ba na'urar?" Na kira Rukayya, ta ce ganye. Gwaggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ganye na mai zazzaɓi ne. Kumburi sai saiwa. Ɗauko bironki, 'yar lakwal."

Tana faɗar abin da ta sani a kan saiwar ina rubutawa, har shafi shida. Rukayya ta sake gwajin da sinadaran saiwa, biyu daga cikinsu suka nuna alamar toshe kumburin. Ta ce saura a tabbatar a ɗakin gwaji. Gwaggo ta ce, "Ku tabbatar, jikata. Ni ma ina son in ji ko gaskiya nake sayarwa."

Rukayya ta gama karatunta bara, Gwaggo ta ga takardar da idonta.

Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya saka mata da Aljanna. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, Ya haɗa kanmu a bayanta. Amin.