Tulun Emilia da Mai Farin Takalmi

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin ƙasa a Kafanchan da yunwa, a shekarun nan na bayan yaƙin basasa, da wuya bai ci tuwon accan Emilia ba. Rumfarta na bayan tasha, ita kuma kullum a tsaye da muciya, tana zuba miyar karkashi tana yi wa masu ci faɗa. Gajeruwa ce mai kauri, ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka rigima ce. Amma in ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ranar Lahadi ta rungumi tulu, sai ka rantse an canza ta. Tun tana amarya take buga wa Zumunta tulu a majami'arsu, kuma in hannunta bai sauka a bakin tulun nan ba, waƙa ba ta tashi. In ka cire 'yarta Irene da ke aure a Kagoro, babu abin da take ji da shi kamar wannan tulu.

Mijinta Rufus fayaman ne a reluwe, mai zuba wa jirgi gawayi, kuma mayen silima tun yana saurayi. Na kaboyi, na 'yan Sin masu tsalle, duk yana kallo, amma na Indiya ne ransa. Yana da wani akta da ya laƙaba wa suna Mai Farin Takalmi, don a fim ɗin da ya fara ganinsa ya yi dambe cikin taɓo ya fito takalminsa fes. Emilia ta sha yi masa gorin cewa da Littafi Mai Tsarki ya riƙe haka, da tuni ya zama fasto.

Sai ciwon ido ya kama shi. Aka je asibiti, aka yi na gida, ido dai ya tafi, aiki ya bi shi. Sau ɗaya ta ja shi zuwa silima ko zai ji waƙa ya ji sanyi, samarin bencin baya suka yi ta ihu wai ga makaho ya zo kallo. Tun daga ranar ya zauna gindin mangwaron gidansu ya yi shiru. A ba shi abinci ya ce na gode, a ɗauke kwano ya ce na gode. Emilia kuwa da a yi mata wannan na goden, gara a zage ta.

Wata Asabar da yamma ta rufe rumfa, ta lulluɓe kai da gyale, ta je ta sayi tikiti. Matar aure, 'yar Zumunta, tsakiyar 'yan tasha da hayaƙin taba! Ta zauna can gefe tana tsaki har aka tashi. Washegari bayan sujada ta jawo kujera gindin mangwaro ta ce, “Baban Irene, na je na ga mutuminka.”

Da ta san abin da ta jawo wa kanta ke nan, da ta yi tunani. Mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa, sai ga shi ya fi mai ido sanin abin da aka nuna.

“Ya yi ƙiba,” in ji ta. “Tumbi kamar buhun citta. Da ya zo hawa doki sai da na tausaya wa dokin.”

“Ƙarya! Maman Irene, ki ji tsoron Allah. Wannan mutum siriri ne kamar ni.”

“Kai ɗin ma yaushe rabonka da siriri? Ni dai bos ne ya burge ni, mai gashin bakin nan. Shi aka jefa daga kan bene, shi aka tsoma a ruwa, shi ya sha duka. Naka ban da gyara gashi da zagaya itace da 'yar mutane, me ya yi?”

“Kin ji ba! Mace ya je silima ya dawo yana yabon ɓarawo. Ba ki gane fim ba ne. To yarinyar fa, ya yi kuka?”

“Ta yi, har ta ba ni haushi.”

“To ai aktin ke nan!”

Haka suka riƙa yi duk Lahadi. Ta ce an harbi ɗan sanda a kafaɗa, ya ce a fim ɗin Indiya ba a harbin ɗan sanda a kafaɗa, barci ta yi. Ta rera masa waƙar da ta ji, ya ce ta mai da ita waƙar Zumunta. Sau nawa tana wurgar da muciyar da take kwatanta takobi da ita, ta rantse ba ta ƙara zuwa, tunda shi ya fi ta ido! Maƙwabta har sun saba. Amma kwanon tuwonsa ya koma dawowa a share, kuma ya daina cewa na gode.

Kafanchan ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Magana ta kai kunnen Mama Catherine, uwar Zumunta, ta tare Emilia bayan koyon waƙa.

“'Yar'uwa, na san don Baban Irene kike yi, Ubangiji ya ga zuciyarki. Amma 'yan mata suna kallonmu. Hannun da ke buga tulu a gidan Allah ba zai riƙa miƙa tikiti a ƙofar silima ba. Ki zaɓi ɗaya.”

Emilia ta so ta yi faɗa, ta rasa ta inda za ta kama, don matar ba da wulakanci ta yi maganar ba. Ta koma gida ranta a ɓace. Ita da ba ta ma son fim ɗin, ita za a raba da tulunta saboda wani ƙaton Ba'indiye da bai san tana duniya ba?

Asabar ta zagayo, sai ta yi dabara. Ta fita da gyalenta kamar kullum, ta wuce gidan wata ƙawarta suka yi ta ɓarar gyaɗa. Ranar Lahadi ta buga tulunta lafiya lau, ta dawo ta jawo kujera, ta shiga ba da fim ɗin da ta ƙaga da kanta. Ta sa Mai Farin Takalmi ya rame, ya tsallake jirgin ƙasa yana cikin gudu, ya kori 'yan fashi shi kaɗai. Ta ba shi duk abin da Rufus ke so, har da doki fari.

Rufus ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba ko sau ɗaya.

“Ya yi kyau,” in ji shi. “Ya ma fi nasu.”

“Nasu wa?”

“Jiya da kin dawo, gyalenki bai yi warin taba ba. Ƙamshin gyaɗa na ji.” Ya laluba ya dafa hannunta. “Labarin Mama Catherine ya zo mini. Ki riƙe tulunki, Maman Irene, kin yi ƙoƙari. Na gode.”

Na goden nan ta tsaya mata a rai duk mako. Ta ƙona miya, ta kori wani fasinja don kawai ya nemi ƙarin gishiri. A gida kuwa kwano ya fara dawowa da rabin tuwo. Ta yi masa faɗa a kan sandarsa, ta yi a kan hularsa, ko ɗaya bai tanka ba. Ba ta taɓa jin haushin mutum kamar yadda ta ji nasa a makon nan ba, kuma ba ta taɓa jin tausayinsa haka ba.

Ranar Asabar da la'asar ta wanke tulun, ta goge shi, ta ɗora a ka har gidan Mama Catherine. Ta sauke shi a hankali a bakin ƙofa ta ce, “Mama, a ba Clara mai koyon bugun nan, hannunta ya fara nuna. A gaya mata kar ta ajiye shi a rana.” Ba ta jira amsa ba, don idonta ya riga ya cika. Daga nan ta miƙe sai layin tikiti.

Washegari a majami'a ta zauna a bencin baya cikin zanen gida, ta ji Clara tana bugawa tana saurin hannu, ta cije leɓe har aka tashi. Da ta isa gida ta cire gyalen jiya daga ƙusa ta jefa wa Rufus a cinya. Ya ɗauka ya sansana.

“Tulun fa?”

“Ba tulu na zo ba ka labari ba. Mutuminka yanzu har sanƙo ya yi. Uban yarinya ma aka ba shi, yana tafiya da sanda kamar kai.”

“Ƙarya!” Rufus ya daka tsawa har kaji suka watse. “Ƙarya kike yi, Maman Irene!”

Ta share ido da bakin zane, ta gyara zama, ta ɗauko muciya.