Ƙanwata Ce

Ni ɗan Maraɗi ne, matata 'yar Katsina, ɗiyar kawuna. Sadaki da goro suka ɗaura mu, babu ko takarda ɗaya. Sai da na zauna a unguwar Bani Malik, can ƙasa mai tsarki, ina ɗinki, na so in kawo ta, na gane auren da ba shi da hatimi ba aure ba ne a idon masu biza. Iƙamata, wato takardar zama, da fasfon Nijar aka yi ta, fasfonta na Najeriya, saboda haka sai takardar aure ta sha hatimin ƙasashen biyu, a juya ta Larabci, kafili, ubangidan da ya tsaya mini, ya sa hannu. Shekara guda na yi ina tara su.

Mai cike wa mutanenmu takardu a unguwar Nuzla ɗan unguwarmu ne tun daga gida. Ya ci goron ɗaurin aurena. Ya kuma taɓa neman matar tawa kafin ni aka hana shi, ni kuwa da wautata na ɗauka ya manta.

Shagonsa cike da dattawa ranar da na kai masa takardun. Ya ɗaga alƙalami ya ce, "Malam tela, mece ce ita a wurinka?"

Wa zai buɗe baki gaban sa'o'in ubansa ya ce matata? Na sunkuyar da kai na ce, "Ai ka sani, ƙanwata ce."

"Halas, shi ke nan," in ji shi. Ya rubuta ƙanwa da Larabci, ni kuwa karatuna bai kai nan ba.

Aka dawo mini da takardun, wai ba a kawo ƙanwa a bizar iyali, kuma maganata ta saɓa wa takardar aure. Gyaran ya ci shekara uku. Cikin su, bayan wani hutu da na je gida na dawo, ta haifi 'yarmu ta fari, ta binne ta, ban ga fuskarta ba. Da na tunkare shi, cewa ya yi, "Abin da bakinka ya faɗa na rubuta." Na tsane shi, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire mini tsanar ba.

Matata ta iso, muka yi furfura. Sai ga mai cike takardun nan wata rana bayan la'asar a bakin kekena, ya rame, yana murza hula. Tasa matar 'yar Chadi ce, shi ma 'yar'uwarsa, an tsare ta za a mayar da ita gida. Ana neman shaidu biyu kan aurensu, ɗaya ya samu, ni ne kaɗai na rage cikin waɗanda suka halarta.

"Don Allah, ɗan'uwa."

Na sa sabuwar riga na bi shi ofishin da ake ba da shaidar. Ma'aikacin ya tambaye ni, "Matarsa ce?"

Na dubi mutumina sosai, don ya san ba mantuwa ba ce. Na ce, "Ni dai shekara ashirin ina jin yana ce mata ƙanwata."

Da na dawo gida na gaya wa matata. Ba ta yi murna ba. Ta ce, "To ita matar me ta yi maka?"

Har yau ban koma na gyara ba.